A Tashi a Kafa Asusun Karatu Kafin a Sayar da Riɗin Bana

Jama'ar Abu Na'ama, da 'yan'uwanmu na Mai Wurno da Sinja da Damazin da Rusairis, da mazauna kambo-kambon Jazira: Maganar 'ya'yanmu ce ta kawo ni, kuma magana ce da ba ta jiran baɗi.

Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum aka kulle makarantu, har a watan Oktoba na shekarar UNICEF da Save the Children suka ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa aji a Sudan. Madani ta suɓuce wa soja a Disamba 2023, Sinja ta bi ta a ƙarshen Yuni 2024, azuzuwa suka zama masaukin masu gudun hijira. Mu kuwa tamu masifar ta riga ta kowa farawa, domin rikicin Yuli 2022 a Rusairis da Ganis, da na Oktoba a Wad al-Mahi, sun kashe ɗaruruwan mutane, sun tarwatsa dubban gidajen Hausawa. Akwai yaron da tun daga lokacin bai sake riƙe alƙalami ba. Soja sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Madani a Janairu 2025, makarantu sun fara buɗewa. To wa ke komawa?

Ɗan mai hali ne ke komawa. Ana cewa makarantar gwamnati kyauta ce, amma kowane uba ya san abin da ke cikin wannan kyauta: kayan makaranta, takalmi, littattafan rubutu, kuɗin karin kumallo, gudummawar malaman da albashinsu ba ya isa, kuɗin jarrabawa, sannan in yaro ya kai sakandare a nemo masa kuɗin mota da wurin kwana a gari. Ku leƙa bakin kogi da hantsi, za ku ga yaro ɗan shekara 12 tsugune a cikin kwamin albasa, laka har gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Da magariba shi ne dai a tukubar agashe, wurin gasa nama, yana fifita garwashi, hayaƙi na sa shi hawaye, yana lissafa wa mai saye canji da ka, ko jine ɗaya ba ya kuskurewa. Wannan kan da ke riƙe lissafi haka shi muka bari a bakin wuta, alhali ga kwalejin aikin gona ta Jami'ar Sinnar a nan Abu Na'ama, ga tashar binciken noma, 'ya'yan wasu garuruwa na zuwa su karanci ƙasar da kakanninmu suka nome.

Bari in kawo muku aikin wasu mutane da ba addininmu ɗaya ba, domin akwai abin ɗauka a ciki. Cocin Katolika ta buɗe Kwalejin Kamboni a Khartum a 1929, da sunan Daniyel Kamboni, limamin coci ɗan Italiya da ya rasu a Khartum a 1881. Makarantunsu na kuɗi ne, kuma sun yi suna wajen Turanci da lissafi da horo. Da yaƙin Kudu ya koro jama'a zuwa gefen Khartum, suka zube a rumfunan buhu da kwali, babban limamin cocin, Gabriel Zubeir Wako, bai ce sai mai kuɗi ba. A 1986 ya kafa shirin makarantu domin 'ya'yan masu gudun hijira. Azuzuwan na zana ne da laka, ana ba yaro abinci, masu taimako daga cocin ƙasashen waje suna cike abin da iyaye suka gaza. Dubban yara suka yi karatu ta wannan hanya, wasunsu suka kai jami'a. Asirin abin tsari ne: an rubuta sunan yaro, an san me ake bukata a kansa, an san wanda zai biya, an kuma riƙe haka shekara da shekaru.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce da jin sunan makarantar coci, kuma ban raina tsoronsu ba, don kishin addini ne. Amma a tuna cewa Sadiƙul Mahdi, jinin Imam Mahdi, wanda ya yi firaminista sau biyu, a Kamboni ta Khartum ya fara sakandare, ya fito ya shugabanci Ansar, mabiyan Mahdi. Gidajen Musulmi masu faɗa a ji sun daɗe suna kai 'ya'yansu can, saboda suna da kuɗin biya. Talakanmu ne bai taɓa samun zaɓi ba. Ba na cewa kowa ya kai ɗansa Kamboni. Uba ne mai wannan hukunci, kuma halwa, makarantarmu ta allo, na nan daram, allo da asuba da dare ba abin da zai ture shi. Abin da nake cewa shi ne, iyalan da gudun hijira ya kai Fot Sudan ko Atbara, inda akwai makarantun Kamboni, in suna da yaro mai kai kuma suna so, dattawanmu su yi shiri su je wurin shugaban makaranta, su tambayi yadda ake koyar da 'ya'yan Musulmi darasin addininsu, su nemi rangwame a fili ba tare da jin kunya ba, ragowar kuma jama'a ta biya. Wanda ya zaɓi ta gwamnati, shi ma a biya masa nasa.

Da me za mu biya? Da abin da muka fi kowa iyawa. Mu ne jikokin mutanen da suka taso da ƙafa daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin wannan kogi, da mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka. Hannunmu na cikin ginin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, kuma audugar Jazira ta san yatsunmu. Gayya al'adarmu ce, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir. Matanmu ba su taɓa barin adashe ya mutu ba. A cikin yaƙin nan ma mun ga samari sun kafa tukunyar takaya, wato girkin sadaka, suna ciyar da unguwa guda da kuɗin da ake turowa ta manhajar banki ta Bankak. Wanda ya iya ciyar da unguwa cikin ruwan harsashi zai iya sayen littafi.

Saboda haka kowane ƙauye ya kafa asusun karatu. Ranar da aka kaɗe riɗi ko aka sussuke dawa, kowane gida ya ware ma'aunin kela ɗaya. Mai lambu ya ba da buhun albasa, masunci ya ba da kamun yini guda a wata, mai agashe cinikin dare ɗaya, mai lori ya ɗauki yaran sakandare kyauta ranar komawa daga hutu. A zaɓi mutum biyar su riƙe: liman, malamin makaranta, saurayi mai iya lissafi, da mata biyu, domin mata ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Kuɗi kada ya shiga hannun uba ko kawu, a kai shi makaranta a karɓo rasit. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar masallaci, amma sunan yaron da aka taimaka ya zauna a littafi, kada a tozarta gidansu. Asusun da ba a karanta lissafinsa zargi ne ke cinye shi tun kafin ɓarawo ya zo.

Marayun 2022 da na wannan yaƙi su ne a gaba. Sai 'yan mata. Iyayena maza, ku yi mini haƙuri in faɗa: in kuɗi ya gaza, yarinya ake fara cirewa a ɗora mata farantin gyaɗa, sannan ranar da matar gida ke naƙuda mu rasa ungozoma mai takarda da ke jin Hausa. A rubuta tun farko cewa rabin asusun na 'yan mata ne.

Malamanmu, ku yi wa jama'a bayanin inda zakka da sadaka suka halatta a wannan aiki. Sarakuna da umdodi, Diwanin Zakka na karɓar rabonsa daga amfanin gonarmu, ku ɗauki jerin sunayen marayu ku je ofishinsa a Sinja ku nemi haƙƙinsu a rubuce. Ku taimaki iyaye su fitar wa yara takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa tun yanzu, kada a zo rajistar jarrabawa a mayar da yaro gida. 'Yan'uwa da ke Jidda da Makka da Madina, da waɗanda suka koma Kano da Maiduguri, kowannenku ya ɗauki yaro guda da sunansa, ya ce shi ke da shi har ya rubuta Shahada Sudaniya, jarrabawar kammala sakandare.

Ranar Juma'ar nan, in liman ya sallame, kada a watse. Mutum ɗaya ya miƙe ya nemi izini, a zaɓi biyar ɗin nan take, a sayo littafi mai bango, samari su bi gida gida kafin wata Juma'ar su rubuto duk yaron da ya kai shekara 6 zuwa 18 wanda ba ya zuwa aji, da ajin da ya tsaya, da abin da ya hana shi komawa.