Gidajen Abuja Sun Rufe Wa Gwara Ƙofa

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Zariya ko Katsina ya san gwara, 'yar tsuntsuwar nan mai tokar kai da ke yin sheƙa a ramin katanga ko a bayan indararo. Rami ta fi so, ramin kuwa shi ne abin da ginin zamani ya hana ta. A Gwarinpa da Lugbe da Kubwa, rufin kwano ya haɗe da silin ba ko kafar yatsa, tsakar gida kuma an malale ta da siminti har bakin ƙofa.

Maganin bai fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci ba. Kafinta zai iya haɗa ɗan akwati da ragowar katako, ya huda masa ƙofa zagayayya. A Ingila, faɗin milimita 32 ake yi wa ƙofar akwatin gwararsu, wadda girmanta bai yi nisa da na tamu ba. Sai a kafa shi sama da mita biyu daga ƙasa, inda kyanwa ba za ta kai ba, a gefen da ranar yamma ba ta dukansa. Akwatin kwano kuwa, a zafin watan Maris na Abuja, tanda ce kawai.

Wani zai ce tsuntsu ɓarawon hatsi ne, kuma ɗan manomin da ya ga ɓarnar jan-baki a gonakin Kebbi ko Yobe yana da dalilin faɗin haka. Amma jan-baki daban, gwara daban. Gwara ba ta tashi dubu-dubu ta rufe sama, kuma da ƙwari da tsutsotsi take ciyar da 'ya'yanta. Ƙasar Sin ta taɓa yin wannan lissafin ba daidai ba. A 1958 gwamnatin Mao ta sa gwara cikin abubuwa huɗu da za a kawar, jama'a suka kashe ta ba adadi, ƙwari suka samu sarari a gonaki, har a 1960 aka cire sunanta daga jerin. Indiya, da ta ga tata gwarar tana ƙaranci a birane, wata hanya ta bi: can aka faro ranar gwara ta duniya, 20 ga Maris, a 2010, kuma a 2012 Delhi ta ɗauke ta a matsayin tsuntsuwar jiharta.

Sai dai akwati kaɗai ba ya cika ciki. Gidan da ake yi wa feshin maganin ƙwari kowane wata, ba ciyawa, ba bishiya, akwatinsa zai zauna fanko. Sai an bar ɗan fili ba siminti, an ajiye ruwa a kasko lokacin rani, ana sauya shi kullum saboda sauro.

Da yawa daga ma'aikatan tarayya 'yan haya ne, ba su da ta cewa kan rufi ko daɓe. Ƙungiyoyin mazauna rukunin gidaje suna da ita, kuma masu duba zanen gini a Babban Birnin Tarayya sun fi kowa. Su za su iya neman a bar wa kowane sabon gida ɗan ƙasa da bishiya ɗaya kafin su sa hannu a takarda.