Tazkiyar Masu Riƙon Marayu



'Yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan marayu take, da waɗanda aka damƙa wa amanarsu. Duk mai cin Kasuwar Daji, ko mai bin hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ko Zurmi, ya ga yaran da 'yan bindiga suka raba da iyayensu. A shekarar 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, ta sami ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. A irin wannan hali masu riƙon yara da masu karɓar sadaka da sunansu sukan yawaita, daga gwamnati har ƙungiyoyi. To, wa ya tantance su?

Waɗansu suna tsammanin ba gidan marayu takardar shaida bayan bincike al'adar boko ce. Alhali kuwa asalinta yana cikin fiƙihunmu, sunanta tazkiya. Alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai adilai sun tsarkake shi. In ana yin haka a shari'ar bashin akuya, ina ga wanda za a miƙa wa ran yaro? Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa sabon alƙali zai fara da duba 'yan kurkuku, sa'an nan masu wasiyya da dukiyar yara. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umurci mai riƙo ya kafa shaidu ranar da zai mayar wa maraya dukiyarsa. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya sanya malaman yara cikin waɗanda muhtasibi zai riƙa dubawa.

Mun ga abin da sakaci ya haifar. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan horo a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da kimanin mutum 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa. Watan da ya biyo aka sami irinsa a Daura. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, bisa kyakkyawan zato.

Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta tanadi yi wa gidajen yara rajista da duba su, Jihar Zamfara kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2022. Amma wajibi ne binciken ya haɗa da gidajen gwamnati da ofisoshinta na jin daɗin jama'a, domin shari'a ba ta karɓar tazkiyar mutum ga kansa. Ma'aikatar da ke riƙon yaro ba ita ya kamata ta shaidi kanta ba.

Saboda haka muna ba hukuma shawara ta kafa kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, mai alƙali da likita da wakilin hakimi da dattijuwar mace. Su riƙa zuwa ba sanarwa, su ƙidaya yara da littafin sunaye a hannu, su auna nauyinsu, su duba makwanci da karatu da lissafin kuɗi, su kuma keɓe da yaro su ji ta bakinsa. Takardar shaida ta zama ta shekara ɗaya, a sabunta ko a ƙwace. Hukumar Zakka da Waƙafi kada ta ba gidan da ba shi da ita ko kwabo.

Ku kuma masu sadaka, ku tambayi takardar kafin ku miƙa. Mai riƙo na gari ba ya gudun bincike, don shi ne kariyar mutuncinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya raya abin da suka bari, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.