Mota Ta Tashi, Amma An Gyara Ta?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki a gareji, wadda muke ganin lokaci ya yi da za mu dube ta. Da zarar makanike ya murɗa makulli mota ta tashi, sai mu ce madalla, mu zaro kuɗi mu biya. Alhali kuwa tashin mota rabin shaida ne kurum, muddin gyaran ya shafi makullin zamani da na'urar hana sata.

Ga yadda abin yake. A cikin kan makullin akwai wani ɗan ƙanƙanin guntu mai ɗauke da lambar sirri. Idan aka murɗa makulli, ko aka danna maɓalli, ƙwaƙwalwar motar takan nemi wannan lamba, in ba ta gane ta ba sai ta hana inji tashi. Jamus da Ingila sun wajabta na'urar a sababbin motoci tun 1998, shi ya sa galibin motocin Beljiyam da muke saye suke zuwa da ita. Amurka kuwa ba ta wajabta ba, ta kuma ɗanɗana kuɗarta: daga 2021 matasa suka dinga sace motocin Kia da Hyundai marasa na'urar, suna koya wa juna dabarar a TikTok.

To, abin da ke damunmu shi ne, wasu masu gyaran, idan na'urar ta gagare su, kashe ta suke yi. Wani sai ya ciro guntun nan ya manna shi da salatif kusa da ramin makulli, watau daga ranar duk ƙarfen da aka yanka daidai zai tada motar. Mai mota ya tafi yana ta godiya, bai san an cire wa karensa haƙora ba. Ba mu ce duka haka suke ba, kuma sau da yawa mu ne muke matsa musu da neman araha.

Saboda haka lalle ne mu ga motar ta ƙi tashi a inda ya kamata ta ƙi, kafin mu biya. In mai maɓalli ce, mu ba aboki rimot ya yi nisa da shi, sa'an nan mu danna mu gani. In ta murɗawa ce, mu gwada ta da makullin da ba shi da guntu. Mu kuma gwada kowane makulli ɗaya bayan ɗaya, da buɗe ƙofa da kullewa.

Wanda kuwa makullinsa ya ɓata, yanka sabo bai wadatar ba. Sai ya tsaya a gabansa a goge tsohon daga ƙwaƙwalwar motar, a nuna masa a na'urar bincike makullai nawa motar ta sani. In yana riƙe da biyu na'ura ta nuna uku, to na ukun yana aljihun wani, shi kuwa bai ko gama biyan rancen motar ba.