Ƙauyancin Da Muke Goyon Baya



Wani ɗan zauren nan da ke karatu a Indiya ya ba mu labari kwanakin baya. Ya ce da aka yi musu hutu sai ya tsallaka Nepal shi da abokansa biyu, suka yanki tikitin jirgi daga Katmandu, babban birnin ƙasar, zuwa Pokhara, tafiyar da ba ta wuce minti 25 zuwa 30 a sama. Ana idar da sallar asuba ya tasa su gaba zuwa filin jirgi, don kawai ya roƙi mai raba kujeru ta sa shi a bakin taga, tagar ma ta hannun dama. Abokan suka yi ta yi masa tsiya, wai ƙauyanci, wai sai ka ce yau ya fara ganin jirgi, tafiyar da ko shayi ba za a gama kurɓa ba. Da ya kawo labarin nan ma wasunmu dariyar suka taya su. To, mu dai mun zauna mun auna, kuma muna bayan ɗan uwanmu. Idan wannan ne ƙauyanci, muna roƙon Allah Ya ƙara mana irinsa.

Bari mu fara da abin da ya sani wanda abokansa ba su sani ba. Tsaunukan Himalaya sun miƙe ne a arewacin Nepal, daga gabas har yamma, kamar katanga. Pokhara tana yamma da Katmandu. Duk wanda ya fuskanci yamma kuwa, arewa tana hannun damansa. Ko yaron da aka koya wa alƙibla zai iya wannan lissafin. Saboda haka wanda ya zauna a dama zai yi tafiyar yana kallon katangar, wanda ya zauna a hagu kuma sai tuddai da kwaruruka masu gangarawa kudu wajen Indiya. Su ma ba laifi, akwai kore, akwai gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tudu. Amma kuɗin tikiti ɗaya suka biya, ɗaya ya ga abin da mutane ke tasowa daga bangon duniya don su gani, ɗaya ya ga ƙeyar maƙwabcinsa.

Me ake gani ɗin? Jirgi na ɗagawa daga kwarin Katmandu sai jerin Langtang da Ganesh Himal su bayyana, sannan Manaslu mai tsawon mita 8,163, sannan jerin Annapurna wanda ƙololuwarsa ta kai mita 8,091. Dab da sauka sai Machhapuchhre, mita 6,993, wanda sunansa ke nufin wutsiyar kifi saboda yadda kansa ya rabu biyu. Mutanen wurin suna ɗaukarsa wuri mai tsarki, hukuma ba ta ba da izinin hawansa. Idan sama ta yi garau, can gaba ana hango Dhaulagiri, mita 8,167. Lambobi ba sa shiga zuciya sai an gwada su da abin da aka sani, don haka ga ma'auni: tsauni mafi tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419. A ɗora uku irinsa, ɗaya kan ɗaya, ba su kamo Annapurna ba. Tsaunuka 14 ne a duniya suka haura mita 8,000, takwas daga ciki suna Nepal ko kan iyakarta, kuma mai kujerar dama yana iya ganin uku kafin ya gama ɓare alewar da aka ba shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a labarin nasa shi ne da ya ce shi fa ba ƙasa ya riƙa kallo ba. Mun saba a jirgi a leƙa ƙasa, a ga gidaje kamar akwatin ashana. A wannan hanya yawanci jirage masu farfela ake hawa, irin su ATR 72, waɗanda iyakar tashinsu ba ta wuce kimanin mita 7,600, a gajeriyar tafiya irin wannan kuwa ko kusa da nan ba sa zuwa. Ma'ana kana cikin jirgi, kana sama da gajimare, amma dutse yana sama da kai. Duk wanda bai zauna a tagar ba, ko da ya yi shekara yana karanta labarin Himalaya, da wuya wannan ta faɗo masa a rai. Gani ya kori ji, in ji magabata.

Zaɓen ɓangare kuma rabin aikin ne. Irin wannan jirgi fiffikensa a saman jiki yake, injin da farfelar suna rataye daidai tagogin tsakiya, don haka wanda ya samu dama amma a tsakiya zai yi tafiyar yana kallon ƙarfe. Can gaba ko can baya ya fi. Harafin A kullum tagar hagu ce idan ka fuskanci hancin jirgi. Tagar dama ita ce harafin ƙarshe a layin, D ko F, gwargwadon yadda kamfani ya tsara. Sai lokaci. Da safe sama ta fi washewa, rana na ɗagawa gajimare ke taruwa ya lulluɓe kawunan duwatsun. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, sau da yawa ba a ganin komai sai fari fat. Oktoba da Nuwamba ne ruwa ya wanke iska, ga rana ta karkata kudu, tana bayan mai kallon arewa, tana haska masa dusar ƙanƙarar. Wajen Maris da Afrilu kuma ƙura da hayaƙi kan taso su dusashe nesa, abin da duk wanda ya san hazon hunturu a Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kun ga ke nan sammakon ɗan uwanmu ba rawar kai ba ce. Ya duba taswira, ya tambayi waɗanda suka riga shi, ya yi lissafi.

A wasu hanyoyin ma ba a rubuta lambar kujera. Masu zuwa Lukla, ƙofar shiga yankin Everest, ƙananan jirage suke hawa masu ɗaukar mutum ƙasa da 20, kuma sau da yawa wanda ya riga shiga shi ke zaɓa. Can gabas ake nufa, don haka lissafin ya juye, hagu ake rububi. Nan ne za ka ga Bature da furfurarsa yana sassarfa a filin jirgi ba kunya, in ka yi sammako ka tarar wani a tafe ya kwana. Babu mai ce masa baƙauye.

Ba mu ce abokan nan ba su da hujja ko kaɗan ba. Ana iya yin duk wannan shiri gajimare ya rufe, a tashi a tutar babu. Akwai dattijo mai ciwon gwiwa, akwai mai goyo, akwai mai yawan zagayawa, waɗanda kujerar bakin hanya ta fi musu. Akwai kuma mai tsoro, wanda ba ya son ya tuna cewa a sama yake, kuma ba za mu yi masa dariya ba: a ranar 15 ga Janairun 2023 wani jirgi da ya taso daga Katmandu ya faɗi dab da sauka a Pokhara, mutum 72 da ke ciki duk suka rasu. Wanda ya san wannan ya ce shi a bar shi ya runtse ido yana salati har a sauka, ya yi daidai. Muna ma ƙarawa da cewa wanda Allah Ya ba tagar dama ya sani amana ce a hannunsa. Kada ya ja labule ya yi barci, kada kuma ya toshe tagar da waya tun daga tashi har sauka. Ya ɗan jingina baya na kusa da shi ya leƙa.

Amma hujjar abokan ba tsoro ba ce, ba ciwon gwiwa ba ce. Kunya ce. Kada a ce ba su waye ba. Wannan ita ce cutar da muke son mu taɓo, don ta yi mana yawa, mu masu son rubutu. Mun ɗauka wayewa ita ce ka shiga wuri ka nuna babu abin da ya burge ka: ka zauna, ka toshe kunne, ka ɗaure fuska kamar kullum a jirgi kake kwana. Wanda ya saba da wannan zama zai dawo gida da hoton tikiti, ba zai dawo da jimla ko ɗaya ba.

Ku duba rubuce-rubucen da muke turowa zauren nan. Sau nawa jaruma ke tafiya Dubai ko Landan ko Indiya? Ba iyaka. Yaya ake ba da labarin tafiyar? Sun shiga jirgi, ta kwantar da kai a kafaɗarsa, sun sauka lafiya. Shafi uku a kan lefe, layi ɗaya a kan sararin samaniya. Idan kuma marubucin ya yi ƙoƙarin siffantawa, sai a ji gizagizai kamar auduga, wanda kowa ya riga ya faɗa tun kafin a haife mu. Ba talauci ne ya jawo ba, don a cikinmu akwai waɗanda suka hau jirgin, wasu ba sau ɗaya ba. Ba su duba ba ne kawai. Wanda bai taɓa hawa ba ma yana iya buɗe taswira ya tambayi kansa: ina aka nufa, wane hannu jarumata take, ƙarfe nawa ne, wane wata ne, ina rana take? Amsar waɗannan ita ke hana marubuci abin kunya. Wanda ya sa jarumarsa ta hango Everest ta taga a hanyar Pokhara, alhali Everest yana can gabas a bayan jirgin, mai karatun da ya san wurin zai ajiye littafin, kuma ba zai ƙara yarda da shi ba ko a kan abin da ya faɗa daidai.

Akwai ma wani abu da ɗan uwan namu ya faɗa wanda ya fi duk lambobin da muka jero. Ya ce da farko ya ɗauka gajimare ne, sai da ya lura cewa wannan gajimaren yana da kaifi, kuma ba ya motsi. Wannan jimla ba a samo ta a littafin kowa ba. Minti 25 da tashin asuba da haƙurin shan tsiya suka haife ta, kuma da ya biye wa abokansa da ba mu same ta ba. Mun ce masa ya rubuta tafiyar gaba ɗaya ya turo, kuma kada ya cire wurin da aka kira shi baƙauye.

Af, mun kusa mantawa da dawowarsu. Ya ce ranar komawa Katmandu ko da ya farka bai ga abokan ba, ashe sun riga shi isa filin jirgi. Suka tsaya gaban mai raba kujeru, suka dage lallai sai tagar dama, ta kuwa ba su. Shi da ya iso daga baya ya nemi A.