Wasiƙa Zuwa ga Masu Riƙe da Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa na Agye, Gazawa da Gidan Rumji



Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyi, da ma'aji, da magatakarda, da masu horarwa, da duk wanda ya ɗauki nauyin wata ekip a garuruwanmu, daga Cadawa zuwa Gangara, daga Tsibiri zuwa Cadakori. Yayyena da ƙannena, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da ɗawainiya. Na san yawancinku ba albashi kuke karɓa ba. Daga aljihunku ake sayen ƙwallo da ruwan sha, ku ke bin direbobi kuna roƙon ragi in za a je wasa Maraɗi ko Tasawa, kuma ranar da aka sha kashi ku ake zagi. Saboda na san wannan wahala ne na ɗauki alƙalami, don ina jin ciwon ganin mutumin kirki ya ƙarar da dukiyarsa da lokacinsa, sannan ya sauka daga shugabanci da baƙin jini.

Maganata a kan fushin magoya baya ce. Duk wanda ya zauna a fada bayan wasa, ana zagaya shayi, ya san abin da ake faɗi. "Ina kuɗin ƙofa suka tafi?" "Wannan yaron don ɗan wane ne ake sa shi." "An sayar da wasan." "Shekara nawa suna kan kujera, ba taro, ba bayani?" Ku saurari waɗannan maganganu da kyau. Mutanenmu sun san ƙwallo, sun san yau gare ka gobe ga wani, suna kuma iya haɗiye rashin nasara. Abin da ba sa iya haɗiyewa shi ne a riƙa tafiyar da abin da suke ƙauna a cikin duhu, ba a gaya musu komai, sai ranar da ake son su zo su yi tafi.

Mu leƙa Kano, tunda kusan kowa a nan ya san Kano Pillars ta rediyo da waya. An kafa ta a 1990, kuma gwamnatin jihar Kano ce ke riƙe da ita. Ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, a 2019 kuma ta ci kofin ƙalubale. Da wuya a sami ƙungiyar da ke cika fili irinta a ƙasar Hausa. Duk da haka, a watan Afrilu na 2022 wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha ya watse da rikici, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta zaftare mata maki uku, ta tura ta yin wasannin gida a Abuja. Kafin kakar ta ƙare, shi kansa shugaban ƙungiyar na lokacin ya rasa kujerarsa bisa zargin cin zarafin mataimakin alƙalin wasa. Ƙarshen abin, Pillars, wato Masu Gida, suka faɗa rukuni na biyu. Sun dawo a 2023, amma a watan Oktoba na 2025, bayan kunnen doki da Shooting Stars ta Ibadan, ƴan kallo suka sake kutsawa fili, aka sake zaftare maki, aka sake cin tara.

Ku duba wanda ya biya kuɗin wannan fushi: ƙungiyar da ake cewa ana so. Ku kuma duba cewa tarin kofuna da baitulmalin gwamnati ba su hana faɗuwa ba. Ƙungiyar da gwamnati ke naɗa wa shugabanni, hankalinsu yakan koma ga wanda ya naɗa su. Mai goyon baya da ya biya kuɗin shiga ba shi da inda zai kai kukansa, ba shi da ƙuri'a, ba shi da ranar da za a zauna a ji ta bakinsa. Ba na wanke mai jifa, laifinsa laifi ne. Amma shugaban da ya toshe duk hanyar magana yana da nasa kaso a abin da zai biyo baya.

Mu dawo gida. Jangorzo ta Maraɗi ta ci kofin gasar Nijar a 1983, dattawa suna tuna wannan da alfahari. Amma in ka bi jerin zakarun shekarun baya-bayan nan, sunayen Yamai za ka yi ta gani: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, AS Douanes, AS Police, AS SONIDEP ta kamfanin mai, Nigelec ta kamfanin lantarki. Kowacce tana da ma'aikata ko kamfani a bayanta, da kasafi, da mota. Ekip ɗin jiharmu kuwa sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 600 kafin ta isa babban birni, da kuɗin da aka haɗa da ƙyar. Ku da kuke ƙasa da haka, a matakin gunduma da gasar babban hutu da muke kira TGV, ba ku da kamfanin mai, ba ku da na lantarki. Jarinku kaf shi ne mutanen gari: ɗan kabu-kabu, da mai shayi, da tela, da malamin lakwal, da manomin aya. In kuka rasa amincewarsu, babu wani wurin da za ku juya.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ku fito da maganar kuɗi fili. Ranar wasa, in an zagaye fili da igiya an tsayar da masu karɓar kuɗi, kada a bar mutum ɗaya ya cusa kuɗin a aljihun riga ya ce sai gobe. A zauna nan take a gindin bishiya, ma'aji da magatakarda da mutum ɗaya daga magoya baya wanda su suka zaɓa. A ƙirga tikitin da aka yaga, a ƙirga kuɗi, a rubuta a littafi, kowa ya sa hannu. Abin da aka ba alƙalin wasa, da na ruwa, da na mai, duk a rubuta. Washegari a manna takardar a inda ake taruwa, ko a karanta ta a gidan rediyon gari. Ko jika biyar ce aka samu, a faɗa. Ku dubi uwar adashi: mata suna miƙa mata kuɗinsu hankali kwance domin kowacce ta san abin da ta zuba, ta san ranar kwasarta. Yawancin shugabannin da ake zargi da ci ba su ci komai ba, asara ma suke yi, sai dai ba su da takardar da za su nuna.

Ta biyu, kada ku rataya ƙungiya a wuyan mutum ɗaya. Alhajin da ya ɗinka muku riguna ya cancanci godiya da addu'a, amma ranar da kasuwa ta juya masa baya ko ya ƙaura, ekip ta mutu. Tallafin ɗan siyasa ya fi haɗari, domin kyautarsa tana da lokacin zuwa da lokacin ɗaukewa, kuma takan raba kan gari biyu. Ku rubuta dokokin ƙungiya, ku yi mata rajista, ku buga katin memba mai sauƙin kuɗi. Wanda ba shi da kuɗi a hannu, da kaka ya kawo tiyar gero ko ta aya, a rubuta sunansa. Duk mai kati yana da baki a babban taron shekara, kuma shugaba yana da wa'adi. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A Jamus doka ta tanadi cewa membobin ƙungiya su ke riƙe da rinjayen ƙuri'a, ban da ƴan ƙungiyoyi kaɗan da aka keɓe, don haka attajiri ba ya saye ta ya yi yadda ya ga dama. A Ingila kuwa, yaran da ke cika gidajen kallo a nan sun san labarin Manchester United. Iyalan Glazer na Amurka sun saye ta a 2005 da bashin da suka ɗora wa ƙungiyar kanta, kuma a watan Mayu na 2021 magoya baya suka mamaye filin Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. Shekara goma sha shida fushin yana cin su, domin ba su da ta cewa.

Ta uku, ku bar mai horarwa ya yi aikinsa. Shugaba ba ya tura wa koci sunayen waɗanda za su shiga fili. Ƴan kallo suna zuwa atisaye bayan la'asar, sun san wanda ke gudu da wanda ke tsaye yana riƙe ƙugu. Da zarar sun ga an ajiye mai ƙoƙari an sa ɗan gata, sun gama yanke hukunci. Kai ma koci, ɗan'uwana, ka ji tsoron Allah a kan yaran mutane. Kada ka ɗauko ɗan wasa daga wani gari da sunan wani, kada ka rage wa kowa shekaru. Kofin da aka ci ta wannan hanya, ƙara ɗaya ke ƙwace shi, kunyar kuma ta zauna wa gari.

Ta huɗu, ku kula da takardun yara da lafiyarsu. Ku yi wa kowane ɗan wasa lisans ta hannun hukumar ƙwallo ta jiha da ta ƙasa, FENIFOOT. A dokar FIFA, in ɗan wasa ya koma wata ƙungiya a wata ƙasa aka biya kuɗin sayensa, kashi 5 cikin ɗari ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma wanda sunansa ke cikin rajista ne kawai ke da haƙƙi. Moussa Maâzou ya tashi daga AS FAN, ya je Beljiyam, a 2009 CSKA ta Mosko ta saye shi. Babu abin da ya hana yaron Gazawa bin irin wannan hanya, kuma in ya bi, bai kamata ƙungiyar da ta koya masa taka leda ta tashi a tutar babu ba. Sai kuma rauni. Mun sha ganin yaro ya faɗi yana riƙe da idon sawu, a ɗora shi bayan babur a kai asibiti, a bar wa mahaifinsa takardar magani, alhali ga damina ga gona tana jiran hannunsa. Uban da aka yi wa haka ba zai sake barin ƙanen yaron ya sa riga ba. Ku ware wani abu daga kuɗin kowane wasa domin masu rauni, kada a taɓa shi don wata buƙata.

Ta ƙarshe, ku fuskanci mutane, musamman ranar da abu ya ɓaci. Shugaban da ke tsayawa gaba a hoto in an ci kofi, shi ya kamata ya fara fitowa in an sha kashi. Ku sa rana ɗaya a wata ku zauna da wakilan fadodi da dattawan unguwa. Za ku ji maganganu masu zafi, ku daure, domin wanda ya zo ya faɗa maka a ido yana son gyara ne. A wannan zaman ne kuma za ku iya gaya musu nasu laifin, su karɓa: alƙalin wasa baƙonmu ne, ekip ɗin da ta zo daga Agye ko Gidan Rumji baƙinmu ne, wanda ya taɓa su ya ci amanar gari. Ku zaɓi masu tsaron fili daga cikin magoya bayan da ake jin maganarsu, ku raka baƙi har mota. Ku kanku kada a taɓa ganin kuna nuna wa alƙalin wasa yatsa, domin abin da babba ya yi da baki, yaro da hannu zai ƙarasa shi.

Duk abin da na lissafa ba ya buƙatar tallafin Yamai ko na wata ƙungiyar waje. Littafi ne, da biro, da tabarma, da ƙarfin halin tsayawa gaban jama'a. Ina roƙonku, da an gama girbi mutane sun sami sarari, kowace ƙungiya ta kira babban taro kafin a buga wasan farko. Ku karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ku faɗi bashin da ake bin ku, ku bar mutane su zaɓi wanda zai ci gaba. Wanda aka sake zaɓa zai yi aiki da ƙarfin gari a bayansa. Wanda aka sauke kuma zai tafi da mutuncinsa, yaran da ya rena su ci gaba da gaishe shi da girmamawa.

Allah ya ba ku ikon riƙe amana, ya kare mana yaranmu a fili da kan hanya, ya haɗa kan garuruwanmu.

Wassalam.

Ɗan'uwanku mai ƙaunar ƙwallo,
daga Cadawa.