Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Kasuwar Kuɗi: Amsa Ga Ɗalibina Na Maruda

Makonni biyu da suka wuce wani tsohon ɗalibina, ɗan Maruda ta ƙasar Gwandu, ya yi sallama a ofishina. Fiziks ya karanta, ya fita da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, kuma shekara uku ke nan yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi, kan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Allah ya gafarta Malam, na ji an ce bankuna da kamfanonin zuba jari suna ɗaukar waɗanda suka karanta lissafi da fiziks. Gaskiya ne, ko shaci-faɗi?" Na ba shi amsa a gurguje don aji na jirana. Da yake na san akwai irinsa da yawa da ke fitowa kowace shekara daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, da ta Aliero, da ta Ɗanfodiyo a Sakkwato, na ga ya dace in faɗaɗa amsar a wannan fili.

Maganar gaskiya ce. Akwai sana'a sukutum ta auna kasada da yanka wa dukiya farashi ta hanyar lissafi da kwamfuta, kuma masana kimiyya ne suka kafa ta. A shekarar 1900 wani Bafaranshe, Louis Bachelier, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan hawa da saukar farashi a kasuwar hannun jari ta Faris. Lissafin da ya yi amfani da shi shi ne wanda Einstein ya fito da shi a 1905 don bayyana yadda ƙananan ƙwayoyi ke watangaririya a cikin ruwa. A 1973 Fischer Black, wanda ya faro daga fiziks, da abokin aikinsa Myron Scholes suka fitar da ƙa'idar yanka farashin yarjejeniyar da ke ba mutum zaɓin saye ko sayarwa a nan gaba. Duk wanda ya yi fiziks a jami'a zai gane ta, domin idan aka juya ta, ita ce dai ƙa'idar yadda zafi ke ratsa ƙarfe. Jim Simons, malamin lissafi a jami'a, ya bar alli ya kafa kamfanin Renaissance Technologies, ya cika shi da masana lissafi da fiziks da taurari, ya rasu a 2024 yana cikin manyan attajiran Amurka.

To mene ne ainihin aikin? Bari in kawo misali daga gida. A ce wani ɗan kasuwa a Aliero ya sayi albasa buhu 100 lokacin cira, kowanne a kan naira dubu 30, wato miliyan 3 ke nan. Zai ajiye ta wata huɗu, ajiyar za ta ci naira dubu 300, kuma kashi ɗaya cikin huɗu zai ruɓe, saura buhu 75. Kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, sai buhu ya kai dubu 44. A ce kuma tarihin kasuwar ya nuna cewa a shekara shida cikin goma buhu kan kai dubu 70, a sauran huɗun kuma ya tsaya a dubu 35. Idan aka daidaita, ana sa ran ribar dubu 900. Amma a shekarar da kasuwa ta juya baya, asarar dubu 675 ce. In kuɗinsa ne, zai ji jiki ya tashi. In kuwa bashi ne, to gona ko gida ke kan hanyar fita. Tambayoyin da mai wannan sana'a ke amsawa ke nan: nawa ake sa ran samu, nawa za a iya rasawa a mafi munin hali, kuma wa zai iya ɗaukar wannan nauyi? Alƙaluman na ƙirƙira ne don misali, amma tunanin shi ne wanda ake yi a bankunan Legas da Landan, sai dai a can buhunan takardu ne.

Mai digirin kimiyya ya riga ya ci rabin hanya. Ya saba da lissafi mai zurfi, ya saba da gwada zato da awo, ya kuma san cewa kowane awo yana da kuskurensa. Ragowar rabin shi ne inda ɗalibanmu ke tuntuɓe, kuma a nan mu malamai muna da namu laifin. Abu na farko shi ne ilimin yiwuwa da ƙididdiga, wanda akasari ake yi masa shan ruwan tsuntsaye a zango ɗaya. Na biyu shi ne rubuta manhaja. Na sha ganin ɗalibi ya ci darasin kwamfuta a kan takarda alhali bai taɓa sa na'ura ta yi masa aiki ba. Wanda bai iya Python ko R ba, bai kuma ƙware a Excel ba, ba za a ko kira shi ganawa ba. Na uku shi ne harshen kasuwa: mene ne hannun jari, mene ne takardar lamuni, yaya ake karanta rahoton kuɗi na kamfani. Na huɗu shi ne iya bayani, domin manajan da za ka kai wa sakamako ba ya son ganin alamomin Girkanci. So yake ka gaya masa cikin jimla uku ko ya ba da bashin ko ya hana.

Hanyoyin cike wannan giɓi suna nan. Cibiyar AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Gana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, tana kuma ɗaukar nauyin ɗalibanta na digiri na biyu a kimiyyar lissafi. Jami'ar WorldQuant tana ba da digiri na biyu a wannan fanni ta intanet ba tare da kuɗin makaranta ba. Akwai jarrabawar CFA mai mataki uku, da jarrabawowin masu lissafin inshora da fansho, sai dai waɗannan da kuɗin waje ake biya, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 nauyinsu ya ƙaru a wuyan ɗan talaka. Saboda haka na ce wa ɗalibina ya fara da abin da ke hannunsa: ya riƙa rubuta farashin shinkafa da gero da albasa na kasuwannin yankinsu mako-mako, ya haɗa da alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Babban Banki ke wallafawa kyauta, ya gina ɗan ƙaramin aiki da zai nuna wa mai ɗaukar ma'aikata. Gani ya kori ji.

Na san tambayar da ke cin zuciyar masu karatu da yawa: ina batun riba? Tambaya ce mai nauyi, kuma hukuncinta na malaman fiƙihu ne. Abin da zan iya cewa a matsayina shi ne, lissafin bai keɓanta da bankin ruwa ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Akwai kamfanonin takaful, akwai kuma asusun fansho da ke bin tsarin Shari'a. Duk waɗannan suna buƙatar mai auna kasada, har ma fiye da sauran, domin wanda ya shiga tarayya a riba da asara dole ya san girman asarar tun kafin ya sa hannu. Lissafin dukiya kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Shehu Abdullahi na Gwandu, inda malaman zaure suka daɗe suna kasafta gado da sudusi da sumuni. Tun a 1732 Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi kan jera lambobi a cikin hatimi, wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau.

Gargaɗi biyu. Na farko, wannan sana'a ba ita ce cacar da matasa ke yi a waya da sunan cinikin kuɗin waje ba, ba kuma dangin MMM ba ce, wadda ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016. Duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi a wata guda, kuɗinka yake so. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na biyu, lissafi kansa yana ruɗin mai shi. Kamfanin LTCM na Amurka yana da mutum biyu da suka ci kyautar Nobel a 1997, Scholes da Robert Merton, amma a 1998 ya durƙushe, domin abin da lissafinsu ya ɗauka da wuya ya faru, ya faru. Manomin fadamar Kebbi da ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa ya san wannan darasi ba tare da ya shiga aji ba.

A nan ne ma nake ganin babbar buƙatar take. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Banki a Nuwambar 2015, kuma kowa ya ji ƙorafin da ya biyo baya kan rashin biya. Bashin noma da inshorar gona ba za su tsaya da ƙafarsu ba sai da mutanen da suka san lissafi, suka kuma san fadama, suka san watan da ruwa ke hauhawa da lokacin da farashi ke karyewa. Ɗan Maruda da ya iya Python ya fi baƙo daga nesa cancantar wannan aiki.

Shawarata ga shugabannin sassan kimiyya ita ce a mayar da ƙididdiga da rubuta manhaja darasi na aiki da hannu tun daga shekara ta biyu. Ga ɗalibina kuwa, na ce masa kada ya ajiye allinsa tukuna. Ya ware awa biyu kullum na shekara guda, sannan ya dawo mini da aikin da ya gina. Ya yi murmushi ya ce matsalarsa wutar lantarki. Na ce wannan ma kasada ce, ya saka ta cikin lissafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.