Kwabo Ɗaya Tak

Mu malamai mun saba yi wa ɗalibai faɗa a kan gidajen gem, kuma muna da hujja. Amma a shafinmu na bana muna so mu yi adalci, mu yaba wa wani irin yaro da ake samu a waɗannan wurare: wanda yake biyan kuɗin wasa sau ɗaya, ya zauna har ya ga ƙarshensa ba tare da ya sake sa hannu a aljihu ba.

A shekarar 1991 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fito da Street Fighter II. Asalinsa wani dogon akwati ne mai talabijin, da sanda ɗaya ta motsa ɗan wasa, da maɓallai shida, uku na naushi, uku na shuri. Sai an jefa kwabo yake tashi. A garuruwanmu an fi saninsa ta na'urorin Sega da Nintendo, a shagunan da ake kunna janareta ana karɓar kuɗi wasa-wasa. Mutum zai zaɓi ɗaya daga cikin 'yan faɗa takwas, ya kara da sauran bakwai, sannan ya fuskanci manyan gwanaye huɗu: Balrog, Vega, Sagat da M. Bison. Karawa goma sha ɗaya ke nan, kowace sai ka ci turmi biyu kafin ka wuce.

To, ba don Allah aka ƙera akwatin nan ba. An yi shi ne don ya ci kuɗi. Da zarar an kayar da kai, sai ya shiga ƙirga daƙiƙu yana jiran ka jefa wani kwabo ka ci gaba daga inda ka faɗi. Mai gidan wasa ma yana iya ƙara wahalarsa da wasu 'yan makunnai da ke ciki. Saboda haka hanyoyin kai wa ƙarshe biyu ne. Ɗan mai hali zai yi ta zuba kuɗi har ya wuce Bison, ya tashi bai koyi kome ba. Ɗan talaka kuwa, da yake kwabonsa ɗaya ne, dole ya yi amfani da kansa.

Ku lura da yadda yake yi. Kafin ya taɓa sanda, yakan yi kwanaki a tsaye bayan masu wasa yana kallo. A nan yake gane cewa Balrog naushi kawai ya iya, ba ya shuri. Vega yakan haye ragar ƙarfe ya diro ta sama. Sagat yakan jefo wuta sama da ƙasa don ya sa ka yi tsalle, kana tashi ya tare ka da naushi. Ba ya rawar ido tsakanin 'yan faɗa, ɗaya yake riƙewa ya san shi ciki da waje. In Ryu ne, sai hannunsa ya saba da murza sanda ƙasa zuwa gaba kafin wuta ta fita. In Guile ne, sai ya koyi ja da baya kamar daƙiƙa biyu kafin ya kai hari. Mafi girma duka, yakan koyi tsaro kafin duka. 'Yan dambenmu sun riga Japanawa sanin wannan: hannun da aka ɗaure da kara shi ne mashi, ɗayan garkuwa, kuma mai sakin garkuwa don zumuɗi shi ake kashewa a turmin farko.

Mun san abin da iyaye za su ce, ba kuwa za mu raina maganarsu ba. Akwai yaran da suka tsere daga aji saboda gem, akwai masu ɗebe canjin cefane, akwai masu mai da shi caca. Wasu kuma za su tambaya: a ƙasar da ta ga tashin hankali na gaske, me ya kai yaro wasan faɗa? Ko a Amurka, jinin da ake nunawa a Mortal Kombat ya sa Majalisar Dattawa ta zauna a 1993, har aka fara rarraba wasanni bisa shekarun masu yi a 1994. Don haka sharuɗɗanmu a fili suke: sai lokacin hutu, sai da sanin iyaye, da kuɗin da aka ba ka, ba caca, ba wasan zubar da jini.

Abin da muke kira gare shi shi ne ɗalibi ya shigo da halin nan cikin aji. Yawancinku daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kuka fito, inda noman masara da dawa da auduga ya zama aikin sai da rai saboda 'yan bindiga. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana a jihar Katsina. Uban da ya sayar da buhunan masara a irin wannan hali ya biya kuɗin WAEC ko NECO, kwabonsa ɗaya ke nan ya jefa. Ba kowane gida ke iya biya sau biyu ba.

Masu sayen amsa da masu zuwa cibiyoyin satar jarrabawa su ne masu zuba kuɗi a akwati: takarda za ta zo, kai kuwa fanko. Ku ku bi hanyar ɗaya yaron. Ku nemi tambayoyin shekarun baya ku lura da salonsu yadda yake lura da Sagat. Inda kuka faɗi a gwajin aji, ku koma daidai wurin ku gano dalili, domin faɗuwa a gwaji kyauta ce, ta babban zaure ita ce mai tsada. Ku san lokaci, kada tambaya ɗaya ta cinye muku rabin sa'a. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Ga 'yan aji shida masu fita bana, muna yi muku fatan alheri. Allah ya ba da sa'a, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.